Darasi na Bakwai: Kunna Monitar Kwamfuta da Wutar Sola

Kafin ka je kasuwa sayen kayan sola, juya monitarka ka dubi bayanta. Za ka ga wata 'yar takarda a manne, da ƙananan rubutu da lambobi. Share ƙurar da ke kanta da babban yatsanka, ka matsa wajen haske. Haruffa uku muke nema: V da A da W. Wanda ya iya karanta waɗannan, da wuya mai shago ya sayar masa da abin da ya fi ƙarfin buƙatarsa, ko wanda ya gaza ta.

V na nufin bolt, wato ƙarfin da ke tura wuta cikin waya, kamar yadda ruwan tankin da aka ɗora a sama yake zubowa da ƙarfi. A na nufin amfiya, wato yawan wutar da ke gudana. W kuwa wat ne, abin da na'ura take ci. Lissafinsu ɗaya ne tak: bolt sau amfiya, shi ne wat. Idan takardar ta ce 19V da 1.3A, to 19 sau 1.3 ya kama kusan wat 25. Iyakar cin monitar ke nan.

Monita mai faɗi ta zamani, mai inci 19 zuwa 22, cinta bai cika wuce wat 15 zuwa 30 ba. Tsohuwar nan mai ƙusumbi a baya tana iya cin wat 70 zuwa 100. Ko kyauta aka ba ka ita, ban ba ka shawarar ɗora ta a kan sola ba, don kuɗin da za ta ci maka a batir ya fi kuɗin sabuwa.

Wuta iri biyu ce. Ta soket, wadda har yau muke kira wutar NEPA, tana kai da komo cikin waya sau 50 a daƙiƙa, ƙarfinta bolt 220 zuwa 230. Ana rubuta ta AC, kuma tana kisa. Ta faifan sola da ta batir hanya ɗaya take bi, ana rubuta ta DC. Aikin inbata shi ne ta karɓi DC mai bolt 12 daga batir ta mai da ita irin ta soket. Ita ma tana cin ladarta, kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wutar.

Ka ɗauki faifan sola kamar gona, batir kamar rumbu. Gona na bayarwa a lokacinta, rumbu ke ciyar da gida bayan nan. Sai mu auna abincin. Monita mai wat 25 da za ta yi awa 6 a kunne: 25 sau 6, 150. Wannan shi ne cinta na yini. Faifai mai wat 100 fa? A yankin Kano da Katsina da Maraɗi, rana mai ƙarfi sosai takan kai kamar awa 5 a yini. 100 sau 5, 500. Cire asarar zafi da ƙura da waya, abin da zai shiga rumbu bai wuce 350 ba. Ya ishi monitar har da kwan fitila biyu da cajin waya.

Amma monita ba ta aiki ita kaɗai. Akwatin kwamfutar tebur yakan ci kamar wat 100. A awa 6 ya ci 600, a haɗa da 150, an sami 750. Ka ga faifai ɗaya ya yi kaɗan, sai uku ko fiye. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami: su auna monita, su manta da akwatin.

Haka ma batir. Idan an rubuta 12V 100Ah a jikinsa (Ah na nufin amfiya sau awa), 12 sau 100, yana ɗauke da 1,200, a irin ma'aunin da muka auna cin yini da shi. Sai dai batir mai ruwa ba a kwashe shi tas. Rabi za ka ɗiba, 600, ka bar rabi. Mai shanye shi kullum har inbata ta yi kuka, ba zai daɗe ba zai koma kasuwa. Ka ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da murhu da sigari, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Idan ruwansa ya ja baya, ruwan batir za ka ƙara masa, ba na rijiya ba.

Wajen haɗawa, a tsakanin faifai da batir dole a sa kwantirola, ita ce mai tsare batir kada caji ya yi masa yawa. Fara haɗa batir da kwantirola, sannan faifai. Jar waya ta tafi wajen alamar +, baƙa wajen alamar −. Sa fis a kan jar wayar, dab da batir. Kada ka taɓa jona monita kai tsaye da faifai. Wanda ake kira mai bolt 12 yana fitar da 18 zuwa sama da 20 da tsakar rana, kuma da girgije ya gifta sai ƙarfin ya faɗi.

Wayoyin gida kuma launinsu daban, a kula da kyau. A cikin fulogi mai ƙafa uku, ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce mai mayarwa, mai kore da rawaya ita ce ta ƙasa, wadda ke kare ka idan wuta ta taɓa jikin na'ura. A tsofaffin gidaje ja ce mai wuta, baƙa mai mayarwa. Don haka jar wayar bango ba jar wayar batir ba ce. Kada ka taɓa ta sai an kashe babban makunni. Kuma don Allah a daina cusa tsirarar waya a soket ana tokare ta da tsinken ashana. Akwai yara a gida.

Faifan ya fuskanci kudu, a ɗan karkace, yadda ruwan sama zai gangare. Inuwar reshen darbejiya ɗaya ta isa ta rage wutarsa sosai. Da hunturu kuwa, hau da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, ka goge ƙurar da tsumma mai laushi da ruwa.

Aikin gida: kwafo lambobin bayan wata na'ura ta gidanku cikin littafinka, ko talabijin ko fanka ko cajar waya. Lissafa wat ɗinta, ka ninka da awannin da take yi a kunne. Ka zo da amsar aji na gaba, za mu auna ta da faifai mai wat 100 a kan allo.