Yadda za ku yi gwajin ƙanjamau ke da maigida idan ciki ya shiga

'Yar uwa da kin ga wata ya wuce, kar ki jira sai ciki ya tsufa, ki fara zuwa awo, ko a asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada da ke Kaduna ko ƙaramin asibitin unguwarku. Ki ce wa nas a miki gwajin HIV, ɗan jini ne kawai a yatsa, kamar minti 20 sakamako ya fito, kuma sirrinki ne.

Malam, don Allah ka raka ta. Abin da ke ci min rai kenan, mace ta je ita kaɗai, sakamakonta kuma ba naka ba ne, kai ma a gwada ka, in da abokiyar zama ita ma ta je.

In an samu cutar a fara magani nan take, kyauta ake bayarwa, kullum a sha ba fashi. In uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya ɗauka, da magani kuwa ya kan sauko ƙasa da 5. Ki haihu a asibiti don a ba jariri nasa maganin, a gwada shi a sati 6.

In ba a samu cutar ba, a sake gwaji kusa da haihuwa.