Yadda za ka sa guntayen kwali su yi lissafi da kansu

Ina koyar da lissafi a wani lise, wato makarantar sakandare, a nan Damagaram, kuma duk shekara ranar da ɗalibai suka fi so ita ce ranar kwali. Nakan roƙi kwalayen sukari a wurin masu shaguna na kasuwar Dole, mu yanka su murabba'i, santimita 5 kowane gefe.

Ga yadda ake yi. Kowane guntu gefensa huɗu, kuma kowane gefe ja ne ko fari. Ƙasa da hagu su ne abin da yake karɓa, sama da dama abin da yake bayarwa. Ja na nufin 1, fari na nufin 0. Doka ɗaya ce tak: in launin ƙasa da na hagu sun zo ɗaya, sama da dama su zama fari, in sun bambanta, su zama ja. Iri huɗu ke nan. Don fili mai gida 8 tsaye 8 kwance, yanka 24 masu karɓar fari da fari, 13 masu ja da ja, 6 masu ja a ƙasa kaɗai, 6 masu ja a hagu kaɗai. Ɗiga alama a tsakiyar duk wanda ke bayar da ja, kuma kada a juya guntu.

Sai ka yanka wasu guntaye 15 jajaye, ka jera su a kan tabarma, layin ƙasa da na hagu, kamar kusurwar ɗaki. Zuba sauran a ƙwarya, kowane yaro ya ɗauka ba tare da ya duba ba. Ba ya ajiyewa sai a gurbin da maƙwabta biyu suka riga suka zauna, ƙasa da hagu, kuma duka biyun sun dace da shi. In babu gurbin, ya mayar ƙwarya.

Kafin a buga ƙararrawa, alwatika za ta fito daga alamun da aka ɗiga, da ƙananan alwatiku a cikinta. Sunanta alwatikar Sierpinski. Maginin da ke zana bangon gidajen unguwar Birni yana da zanen a kansa tun kafin ya taɓa laka. Nan kuwa babu yaron da ya san abin da ake ginawa, gefunan kwalin ne suke ɗauke da shi.

Ba ni na ƙirƙiro wasan ba. Masanin lissafi Hao Wang ne ya kawo irin waɗannan guntaye a 1961. A 1998 Erik Winfree na jami'ar Caltech a Amurka ya nuna za a iya yin su da DNA, zaren gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, inda sinadarin A ke kama T, G ke kama C, gajerun bakin zare su tsaya a matsayin launi. A 2004 shi da Paul Rothemund da Nick Papadakis suka samu wannan alwatika a cikin ruwa. Zafin ruwan ne alƙali a can: guntun da ya kama da gefe ɗaya sai ya saki, mai gefe biyu ya zauna.

A aji kai ne zafin ruwan, don haka ka sa ido. Bara wani yaro ya gaji da jira, ya cusa guntun da hagunsa kawai ya dace. Ban gani ba sai da aka hau layi uku. Duk na samansa sun bi doka daidai, amma a kan ƙarya, sai ga wata baƙuwar alwatika ta tsiro a inda ya kamata a ga fari fes. Ya ce, "Malam, ai ɗaya ne kawai." Na sa shi ya ƙirga da hannunsa guda nawa za mu kwashe.