Yadda za ka rage kumburin da ke toshe jijiyoyin jini

Mutane da yawa sun ɗauka kitse ne kawai ke taruwa a jijiya, to ba haka abin yake ba, sojojin garkuwar jikinka ma suna da hannu, su ne ke tayar da kumburi a bangon jijiyar. Idan mugun kolestarol, wato LDL, wani nau'in kitse da ke yawo a jini, ya kutsa bangon jijiya ya lalace a ciki, sai fararen ƙwayoyin jini su biyo shi, su rikiɗe su zama makrofaj, wato ƙwayoyin da ke cinye datti a jiki, su yi ta haɗiyarsa har su cika su mutu a wurin, wannan tarkacen ne ke zama curi, ranar da ya fashe kuwa jini ya daskare a kai sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

To me za ka yi? Ka fara da gwaji, ka je asibiti a auna maka kolestarol da suga da hawan jini ko da kana jin garau, don abin nan ba ya ciwo sai ya yi nisa. Sigari da shisha ka bar su gaba ɗaya, hayaƙin ne ke ƙuje fatar cikin jijiya har LDL ya samu ƙofa. Rage kitsen tsire da man shanu, gishiri kar ya kai giram 5 a rana, har da na dunƙulen magi. Tafiya da sauri minti 150 a sati.

Idan likita ya rubuta maka statin don Allah kar ka daina sha don ka ji sauƙi, yana rage kolestarol kuma yana kwantar da kumburin. Asfirin kuma kar ka saya a kemis ka fara da kanka, yana iya jawo zubar jini a ciki.