Kafin tiyatar rage ƙiba: yadda za ki shirya zama da likitan ƙwaƙwalwa

Da an ce wa mutum sai ya ga likitan ƙwaƙwalwa kafin a yi masa aikin rage ƙiba sai ransa ya ɓaci, wai an mai da shi mahaukaci. Wallahi 'yar uwa ba haka bane. A aikin da ake kira sleeve kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi ake yankewa a cire, kuma ya tafi kenan, to dole a duba ko zuciyarki ma ta shirya. A Amurka da yawan kamfanonin inshora basa biyan kuɗin aikin sai sun ga rahoton wannan zaman.

Hira ce da cike fom, awa ɗaya zuwa biyu. Tun saura sati ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta me kika ci, ƙarfe nawa, wane hali kike ciki lokacin. In ƙarfe biyun dare kika buɗe firji kika cinye ragowar shinkafa a tsaye saboda ranki a ɓace yake, ki rubuta haka ɗin, nasan da kunya amma shine ainihin abin da likitan yake nema, don tiyata tumbi take ragewa, damuwar da take tura ki kicin tana nan inda take.

Ki zuba duk magungunanki a leda ki tafi dasu, musamman na bacci da na damuwa, saboda bayan aiki yadda jiki ke ɗaukar magani yana iya canzawa. Sigari, shisha, giya, kodin, kar ki ɓoye ko ɗaya. Sigari na hana ciwo warkewa, shi yasa ake so a daina kamar sati 6 kafin aiki.

Za a tambaye ki waye zai kula dake a gida. Ki yi tunani tun yanzu, don wajen sati biyun farko ruwa-ruwa kawai zaki sha, ga bitamin har ƙarshen rayuwa, ga 'yan uwa masu cewa "ci mana, duk kin rame". Ki tambayi maganar azumi, da haihuwa, don ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18.

In an ce ki dakata ki fara ganin mai ba da shawara tukun, ba korar ki aka yi ba, kafin ki tashi ki tambayi wata nawa kuma yaushe zaki dawo.