Yadda na gyara matsalar kale ɗina da darɓa ta cinye

Wallahi bara na sha wahala da kale ɗinnan, wato wani ganye dangin kabeji. Irin mai lanƙwashin ganye na shuka, Winterbor, shi dai yana jure sanyi sosai amma darɓa ta samu wajen ɓuya a cikin lanƙwashin, kana buɗe ganye zaka gansu cunkus kamar an barbaɗa toka, ko ka fesa ruwa basa fita duka.

Ashe laifina ne rabi, na cusa shukar kusa kusa iska bata ratsawa. Bana sai na canza zuwa Red Russian da Lacinato, ganyensu a buɗe yake, ba wajen ɓuya. Na bada tazarar santimita 45 tsakani, na rufe da raga tun ranar dashe saboda farin malam-buɗe-littafin nan da ke zuba ƙwai a bayan ganye, tsutsarsa ce ke huda ganyen.

Duk safiya ina juya ganyen in duba ƙasansa, in naga darɓa na wanke da ruwa mai ƙarfi. Kuma daga ƙasa nake tsinka, bana taɓa tohon saman, shi yasa har yanzu yana ta fitar da sabo.