Yadda zaka shawo kan gansakuka a tankin kifi mai tsirrai

Duk wanda ya taɓa ajiye akwariyum mai tsirrai na gaske, ba na roba ba, ya san wannan baƙin cikin. Ka goge gilashi ranar Asabar yayi fes, kafin Laraba kore ya dawo kamar ba'a taɓa shi ba, ganyen da ka siya da tsada duk ya fito da gashi. Ni kusan wata biyar nayi ina wannan kokawar, na siyo maganin kwalba na zuba, na wanke tankin kakaf har sau biyu (wanda shine babban kuskuren da nayi, zan zo kansa), kafin na gane cewa gansakukar nan alama ce kawai. Tsirran ne basa girma yadda ya kamata, ita kuma duk abinda suka kasa ci sai ta cinye. Ranar da tsirranka suka fara fidda sabon ganye lafiyayye duk sati, ita da kanta zata fara ja da baya.

Toh abu uku ne suke tafiyar da tsiro a cikin ruwa: haske, iskar CO2 (irin wacce muke fitarwa in mun yi numfashi), da taki. Hasken shine kamar totur ɗin mota, in ka taka shi tsiron zai nemi CO2 da yawa da taki da yawa. In ɗaya daga cikin biyun bai kai ba sai ya tsaya cak, komin yawan ɗayan. Manoma sun san wannan, ka zuba wa masara buhun taki amma ruwan sama ya ɗauke, ai takin bazai yi komai ba. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Liebig, shi ya yaɗa wannan ƙa'idar tun ƙarni na 19, cewa abinda yafi ƙaranci shi yake yanke girman tsiro. Kuma a mafi yawan tankunan da na gani, abinda yayi yawa haske ne, abinda yayi kaɗan CO2.

Shi yasa farkon abinda zaka taɓa fitila ce. Awa 6 a rana ta isa yayin da kake yaƙi, in abubuwa sun daidaita ka ɗaga zuwa 7 ko 8, kar ka wuce. Ka sayi taima, agogon da yake kunna fitila ya kashe da kansa, ka jona, don kunnawa da hannu baya yiwuwa, yau ka kunna da asuba gobe ka manta sai azahar, jibi ka barta har sha biyun dare saboda baƙi sun zo suna kallon kifi. Ga kuma matsalar ɗauke wuta da muke fama da ita, taima mai juyawa ɗinnan in wuta ta ɗauke agogonta tsayawa yake, gara ta dijital mai ɗan batiri a ciki. In kana da sola ko inbata dan Allah ka ɗora fitila da filta a kai, LED bata cin wuta sosai. Sannan ka duba inda ka ajiye tankin, in rana tana dukan gilashin ta taga ko da na awa ɗaya ne to ka matsar dashi ko ka sa labule, ranar mu ba irin ta Turai bace. In fitilar tana da wajen rage ƙarfi ka mayar da ita rabi, in babu ka ɗaga ta sama kamar santimita 10 zuwa 15.

Yanzu ka kalli gansakukar da kyau, don ba iri ɗaya bace, kowacce da abinda take faɗa maka.

Mai ruwan ƙasa wacce take zama kamar ƙura a gilashi da ganye, ka sa yatsa ta goge, wannan ta sabon tanki ce, tana zuwa a makonnin farko kuma yawanci tana tafiya da kanta. Kar ta tayar maka da hankali, gogewa kawai da canjin ruwa.

Ɗige-ɗigen kore masu tauri da suke manne a gilashi sai da reza suke fita, su kuma galibi haske ne yayi yawa fosfet, ɗaya daga cikin sinadaran taki, yayi kaɗan. Eh, kaɗan, ba yawa ba. Da can kowa cewa yake fosfet ne yake kawo gansakuka, har wani Ba'amurke Tom Barr ya fito da tsarinsa na zuba taki wadatacce sannan a canza rabin ruwa duk sati, mutane suka ga tankuna cike da fosfet amma babu gansakuka saboda tsirran suna gudu. Ni sai da na ƙara fosfet sannan ɗige-ɗigen nan suka daina fitowa a sabon ganye.

Mai zare-zare dogo kamar gashi, kore, wannan ka samu buroshin goge baki ka dinga naɗe ta kamar taliya kana cirewa. Yawan haske ne da ƙarancin CO2, wani lokacin kuma amoniya, gubar da kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci suke fitarwa, daga yawan abinci.

Mai baƙin gemu, wacce zaka ga an rubuta BBA, ita ce uwar taurin kai. Tana fitowa tuttu-tuttu baƙa ko toka-toka a bakin ganye, a kan itace, a bakin bututun filta, ka ja ta bata fita sai dai ganyen ya yage. Abinda aka fi alaƙanta ta dashi shine CO2 mai hawa da sauka da kuma datti da ya taru a filta da ƙasan tanki. Anan ne masu haɗa CO2 na gida da yis da sukari a jarka suke shan wahala, don da zafin watan Afrilu yis ɗin yakan taso da ƙarfi kwana uku huɗu sannan ya mutu mus, tsiron bai san inda ya dosa ba. Ra'ayina, in bazaka iya siyan silindar CO2 da regileta ba to ka haƙura da CO2 ɗin gaba ɗaya, ka rage haske ka zaɓi tsirrai masu haƙuri, yafi maka wannan hawa da saukar. In kuma kana da silinda, ka kunna awa ɗaya zuwa biyu kafin fitila, ka kashe awa ɗaya kafin ta mutu, ana neman kusan 30 ppm (wato miligiram 30 a kowace lita), ɗan gilashin gwajin CO2 da ake maƙalawa a ciki ya zama kore, in shuɗi ne CO2 yayi kaɗan, in ruwan ɗorawa ne yayi yawa. Ka ga kifi sun taso sama suna haki to ka rage nan take.

Don kashe wacce ta riga ta fito, ka je kemis ka sayi haidurojin feroksaid mai kashi 3 cikin ɗari, na wanke ciwo ɗinnan. Ka kashe filta, ka ja a sirinji ka fesa kai tsaye a kanta, kar ka wuce mililita 1 a duk lita 4 na ruwan tankin, ka jira minti 15 ka kunna filta. Zaka ga tana ta kumfa, bayan kwana ɗaya biyu ta koma ja-ja ko fari, ta mutu kenan. Flourish Excel na kamfanin Seachem shima yana yi ta wannan hanyar, sai dai yana narkar da Vallisneria, ka kiyaye. Ganyen da ta cinye sosai kuwa kar ka tsaya tausayi, almakashi kawai.

Akwai wata mai santsi, kore mai shuɗi-shuɗi, tana shimfiɗuwa kamar leda a kan yashi, tana da wari irin na kududdufi. Wannan ma ba gansakuka bace ta ainihi, ƙwayoyin bakteriya ne. Tana son inda ruwa baya motsi da tankin da naitiret, shima sinadarin taki ne, ya ƙare. Ka zuƙe ta da tiyo, ka canza rabin ruwa, ka lulluɓe tankin da bargo baƙi ƙirin kwana 3 zuwa 4 ba leƙe, ba abinci, CO2 a kashe, amma filta da famfon iska su ci gaba da aiki. Kifi baya mutuwa don yunwar kwana huɗu. Da ka buɗe ka sake canza rabin ruwa ka ɗaga naitiret, in ba haka ba zata dawo. Wasu suna zuba maganin antibayotik, ni ban baka shawara ba, zai iya taɓa bakteriyar filta. Shi ma ruwan da ya koma kore shar kamar miyar kuka wannan lulluɓin yana masa, ko fitilar UV, amma canjin ruwa kaɗai baya yi, kwana biyu ya dawo.

Sai maganar taki, wacce nan ne mutane suka fi ruɗewa. Da an ga gansakuka sai a daina zuba taki wai a kashe ta da yunwa. Tsironka ne zai fara mutuwa malam, ita ɗan abinda ya rage a ruwa ya ishe ta, kuma ganyen da yake ruɓewa shi ne wajen zamanta. Abinda ake so a ruwa: naitiret tsakanin 10 zuwa 20 ppm, fosfet 0.5 zuwa 2, fotasiyam 10 zuwa 20, sai ɗan sinadarin ƙarfe kamar 0.1. Ka samu kayan gwaji na ɗigawa ko da na naitiret da fosfet ne kawai. In busasshen taki kake amfani dashi, giram 1 na KNO3 (garin fotasiyam naitiret) a lita 100 yana bada kusan 6 ppm na naitiret, giram 0.1 na KH2PO4 (garin fotasiyam fosfet) a lita 100 yana bada kusan 0.7 ppm na fosfet, kaga ɗan ƙaramin sikelin dijital ya zama dole. Ka raba shi sau biyu ko uku a sati maimakon ka juye lokaci ɗaya. Tankin da ba CO2 kuma haskensa kaɗan ne, kashi ɗaya cikin uku na abinda masu silinda suke zubawa ma zai iya isarsa, in kifi suna da yawa ma wataƙila fotasiyam da ƙarfe kawai zaka ƙara. Tsiron shima yana magana: tsohon ganye ya koma ruwan ɗorawa ƙarancin naitiret ne, ƙananan huji a tsohon ganye ƙarancin fotasiyam, sabon ganye ya fito fari-fari ƙarancin ƙarfe ne.

Wallahi kar ka kuskura ka ɗebo yuriya ko NPK na gona ka zuba. Na san abin yana jan hankali tunda gashi nan a kasuwa da araha, amma yuriya amoniya take komawa, NPK ɗin ma yawanci da amoniya a ciki, ita kuma tana kashe kifi sannan babu abinda yake tada gansakuka da sauri kamarta.

Ka gwada ruwan da kake zubawa ma tun kafin ya shiga tanki. Ruwan rijiya ko bohol da yake kusa da masai ko gona zai iya zuwa da naitiret ɗinsa, kana ta canza ruwa kana mamakin me yasa lambar bata sauka. Na famfo kuma akwai kulorin, sai ka sa maganin cire shi. Canjin ruwa kashi 30 zuwa 50 duk sati, rana ɗaya tsayayya, kana zuƙe dattin saman yashi da tiyo. Da hunturu ruwa yana ƙafewa da sauri, ciko kawai ba canji bane, ruwan ne yake tashi gishirin yana nan yana taruwa.

Kuskuren da nace zan dawo kansa: na kwashe komai na wanke yashi da soson filta da ruwan famfo tas. Ashe bakteriyar da suke juya amoniya zuwa naitiret a cikin soson suke zaune, na kashe su, tankin ya koma sabo, gansakuka ta dawo ninki biyu. Soson filta a bokitin ruwan da ka ɗebo daga tankin ake matse shi, sau ɗaya a wata ya isa. Haka in wuta ta daɗe bata zo ba filta ta tsaya awanni da yawa, ka matse soson ka zubar da ruwan cikinta kafin ka kunna. Abinci kuma abinda zasu cinye cikin minti biyu, sau ɗaya a rana, a faɗa wa yaran gida ma don su ne masu ƙarawa a ɓoye.

Ka cika tankin da tsirrai masu saurin girma, Hygrophila, Ceratophyllum, Vallisneria, su ne suke ƙwace abinci. Kuma muna da wani abu a gida da mutanen waje suke siya da kuɗi, kainuwa. Kainuwa dashen Allah, tana shan CO2 daga iska kai tsaye don haka ƙarancinsa a ruwa bai dame ta ba, jijiyoyinta suna zuƙe naitiret, ga inuwa tana yi wa na ƙasa. In daga tafki ka ɗebo ka wanke ta sosai ka ajiye a bokiti daban kamar sati biyu, tana zuwa da ƙwari da ƙananan dodon koɗi, kuma kar ta rufe fiye da sulusin saman ruwan, duk sati ka rage. Anubias kuwa, wanda asalinsa ma dazukan yammacin Afirka ne irin na kudancin Najeriya da Kamaru, a bakin rafi cikin inuwa yake fitowa, girmansa a hankali, in ka sa shi ƙarƙashin fitila kai tsaye shi zai fara yin gemu. Ka ɗaure shi jikin itace a lungu, kar ka binne kararsa.

Masu cin gansakuka suna taimakawa amma ba su zasu gyara maka tanki ba. Ƙaramin kifin Otocinclus na cin mai ruwan ƙasa, dodon koɗi nerite na kankare ɗige-ɗigen gilashi, jatan landen Amano, wanda Takashi Amano ɗan Japan ya shahara da amfani dasu har aka sa musu sunansa, suna cin mai zare, sai kifin Siamese da yake taɓa baƙin gemu in yana ƙarami. Baƙin kifin nan mai manne wa gilashi da masu shago suke tura wa kowa, pleco, yana kai santimita 30 ko fiye, kashinsa yafi aikinsa yawa, in tankinka lita 60 ne ka barshi a shagon.

Abu ɗaya zaka dinga canzawa a lokaci guda, ka bashi sati biyu zuwa uku, ka ɗauki hoto da waya duk Juma'a daga waje ɗaya. Sabon ganye zaka dinga kallo, tsohon da ya riga ya kamu baya warkewa. In zafi ya kai ruwan ya haura digiri 30 kuma, ka buɗe murfin ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tana iya sauke digiri biyu zuwa uku, sai dai ka tanadi ruwan ciko don zai dinga ƙafewa.