Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta labarin barkwanci a kan ma'auratan da aka yi garkuwa da su

Marubucin da ya ɗauki ma'auratan da suka shekara 30 suna zaman doya da manja, ya jefa su hannun masu garkuwa da mutane domin ya ba mai karatu dariya, ya ɗauko aiki mai wuya, musamman idan a Zamfara ya kafa labarin. Mai karatu a Gusau ko Ƙaura Namoda bai manta da ɗalibai mata 279 na Jangebe da aka sako a watan Maris na 2021 ba, kuma mai yiwuwa ya taɓa sa hannu a karo-karon kuɗin fansar wani ɗan'uwansa.

Babban kuskure shi ne neman dariya a jikin ɓarayin dajin, a mai da su dolayen da ba su iya lissafi ba, ana yi musu wayo cikin sauƙi. Da zarar sun zama abin wasa, fargabar da ke riƙe da labarin ta tafi, wanda aka taɓa ɗaukar masa mutum kuwa zai ji an raina masa hankali. Gyaran shi ne a bar su da ban tsoronsu, a haƙo barkwancin daga cikin auren. A ce an miƙa wa Alhaji waya an ce ya kira wanda zai kawo kuɗi, sai ya tarar lambar amarya kaɗai ya haddace, ga uwargida zaune a gefensa. Ya sunkuyar da murya ya ce, "Hajiya, taimaka mini da lambar babban yaron nan." Ita kuwa ta ce, "Ai na ɗauka wadda ka haddace ta ishe ka, Alhaji." Bindiga tana nan inda take, amma mai karatu ya yi dariya, kuma ya fahimci ciwon da ke tsakaninsu.

Akwai kuma tsohon raha na mijin da aka sace masa mata ya ce a riƙe ta ya huta. An gaji da jin sa, kuma ba ya ɗaukar littafi guda. Abin da ke ɗaukar littafi shi ne lissafi: gonar wa za a sayar, ina tumakinta da ya karɓa rance tun bikin ɗiyarsu ta fari bai biya ba, kuma me ya sa aka sa wa miji kuɗi fiye da na mata, ita tana ji ana ciniki.

Wajen magana ma ana yawan tuntuɓe. Marubuta kan sa dattijuwa ta kira mijinta da sunansa na yanka, ta zayyana masa damuwarta dalla-dalla, alhali macen da ta tashi a Tsafe ko Talatar Mafara Malam ko Alhaji za ta ce, ko ta jingina shi da sunan wani ɗansu, kuma makaminta habaici ne da gugar zana da shirun da ya fi faɗa zafi. Zamfarcin ma ya kamata ya zauna a bakin kowa, har da mutanen kirki da masu ilimi, maimakon a ajiye "shina" da "tahi" domin wanda ake so a yi wa dariya kaɗai.

Sai rashin sanin yadda abin yake gudana. Cinikin fansa kan ɗauki makonni, sau da yawa ana haɗawa da babura da katin waya da kayan abinci, kuma wanda ya kai kuɗin ma ba shi da tabbacin dawowa. Wanda ya kafa labarinsa a watan Satumba na 2021 dole ya tuna cewa an katse layukan waya a jihar, an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, har mutane suna tafiya Funtuwa domin su buga waya. Wanda ya zaɓi farkon 2023 kuma yana da ƙarancin takardun naira, wanda shi kaɗai ya isa ya cika babi biyu da dangi a layin banki. Bai dace a ɗora laifin a kan wata ƙabila ba, kuma ya fi kyau a ƙirƙiri ƙauye da shugaban daba maimakon a ari sunayen gaske.

Kuskuren da ya fi ɓata ƙarshen littafi, a ganina, shi ne gaggawar sulhu, inda ma'auratan kan fito daga daji sun yafe wa juna komai kamar ango da amarya. Wahala tana iya sa Alhaji ya ba Hajiya rabin lomar da aka ba shi, amma ba ta biyan bashin tumaki. Idan suka dawo gida, masu jaje suka watse, marubuci ya bar su su fuskanci abin da ke jiran su: gonar da aka sayar ta gadonta ce, amarya tana cewa ranar girkinta ce, kuma Hajiya ta rubuta wa Alhaji lambarta a takarda ta ce ya karanto mata da ka kafin a kira sallar isha'i.